Tsagewar duwatsu da mazaunin zinariya: abin da ke sa wani rami ya bayar, na kusa da shi ya hana

A Komabangu, a Cibarakaten, ko a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, labarin iri ɗaya ne. Ramuka biyu, tsakaninsu bai fi taki ashirin ba, ɗaya ya fitar da kuɗin mota, ɗaya kuma ya cinye jarin mai shi har ya kai ga sayar da gona. Masu haƙa suna cewa rabo ne. Masana duwatsu ba su musanta rabo ba, sai dai suna da ƙarin bayani. Zinariya ba ta bazu cikin ƙasa kamar gishiri cikin miya ba, tsagar dutse take bi, kuma ko cikin tsagar ma ba ko'ina take zama ba. Inda take taruwa ya danganta da irin duwatsun da tsagar ta ratsa: wanne ne mai tauri, wanne ne mai laushi, wanne ne ke ɗauke da ƙarfe ko baƙin gawayi.

Daga ina take zuwa

Idan aka ɗauki tan guda na dutse haka kawai daga doron ƙasa, zinariyar da ke cikinsa ba ta wuce miligiram kaɗan ba. Kamfanin da ke haƙa a buɗaɗɗen rami yakan nemi giram ɗaya zuwa biyu a kowane tan kafin aikin ya biya shi, na ƙarƙashin ƙasa kuma ya nemi fiye da haka. Ke nan sai wani abu ya tattaro zinariyar ya ninka ta kusan sau dubu a wuri guda kafin a kira wurin ma'adini.

Abin da ke wannan aiki ruwan zafi ne. A lokacin da manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo suka matse juna, duwatsun da ke sama sukan nutse zuwa zurfin kilomita da dama. Zafi yana ƙaruwa da kamar digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita, kuma idan ya yi yawa sai dutsen ya sake kama, ya saki ruwan da ke daure cikin ƙwayoyinsa. Wannan ruwa, mai zafin digiri 250 zuwa 400, yana ɗauke da iskar karbon da kuma farar wuta. Farar wutar ce ke riƙe zinariya a narke, ta yadda ruwan zai iya tafiya da ita. A irin wannan zurfi dutse a matse yake, ba shi da ƙofofin da ruwa zai bi, saboda haka hanya ɗaya ta rage masa zuwa sama: tsaga.

Mece ce tsaga

Abin da ake nufi a nan shi ne karayar da ta raba dutse gida biyu, ɓangare ɗaya ya zame a jikin ɗayan. Wata tsagar tsawonta mita goma ne, wata kuma ɗaruruwan kilomita. Idan aka yanka ta a gicciye ana ganin sassa biyu. A tsakiya akwai cibiya, inda gogayya ta niƙe dutse ya koma gari ko yumɓu. A gefe da gefe kuma akwai yankin da dutse ya farfashe amma bai niƙu ba, kamar tulun da ya tsattsage bai watse ba. Sau da yawa cibiyar toshe ruwa take yi, domin yumɓu ba ya barin ruwa ya wuce, a gefen nan mai tsage-tsage ruwan ke samun hanya. Faɗin wannan gefe kuwa, da yawan tsage-tsagen da ke cikinsa, irin dutsen ne ke yanke su.

Zurfi ma yana da nasa hannu. A kilomita goma na farko ko ɗan fiye, dutse karyewa yake yi. Can ƙasa, inda zafi ya haura digiri 300, farin dutsen nan mai ƙyalli da ake kira kuwarz yana fara lanƙwasa a hankali maimakon ya karye. Yawancin manyan ma'adinan zinariya na irin wannan sun samu ne a tsakanin nan, inda wasu duwatsun suka fara laushi wasu kuma suna nan da taurinsu. A nan ne bambancin dutse da dutse ya fi yin tasiri.

Mai tauri da mai laushi

Duk wanda ya taɓa ganin katangar ƙasa da aka yi wa shafen siminti ya san abin. Ƙasar tana motsi a hankali, ta kumbura da damina ta koma da rani, ba ta nuna alama, amma simintin da ke kanta sai ya tsattsage, domin shi ba ya iya lanƙwasa. Haka duwatsun ƙarƙashin ƙasa suke idan an shimfiɗa su hawa-hawa. Dutsen laka, da dutse mai falle-falle da ake kira shist, idan matsi ya zo sukan miƙe su zame. Dutsen yashi, da giranit, da wasu duwatsun aman wuta, sukan jure har su kai iyaka, sa'annan su fashe. Nauyin matsin yana taruwa a kan mai taurin, shi ne ke buɗe baki, ruwa ya shiga, kuwarz ya cika ƙofar. Wannan cikon shi ne jijiyar da masu haƙa a Nijar ke kira filon.

Kaurin shimfiɗar ma yana shiga lissafi. Shimfiɗa mai tauri amma siririya tana yin tsage-tsage kusa da kusa, mai kauri kuma takan yi ƴan kaɗan masu nisa da juna. Shi ya sa a wani wuri ake samun jijiya guda mai faɗin mita, a wani kuma dubban ƙanana kamar saƙar gizo, waɗanda sai an kwashe dutsen baki ɗaya an niƙa.

Essakane, da ke arewa maso gabashin Burkina Faso dab da iyakar Nijar, misali ne da ya fito fili. Duwatsun wurin shimfiɗu ne na dutsen yashi da dutsen laka da matsi ya naɗe. Jijiyoyin kuwarz masu zinariya sun fi cunkushewa cikin babbar shimfiɗar dutsen yashi, wadda ta farfashe lokacin naɗin, alhali dutsen lakar da ke lulluɓe da ita lanƙwasa ya yi ya zama kamar murfi. Masu haƙar hannu ne suka fara aiki a wurin tun shekarun 1980, kamfanin IAMGOLD na Kanada kuma ya fara fitar da zinariya a 2010.

Akwai wani abu da ke faruwa idan tsaga ta ratsa shimfiɗu mabambanta: ba ta tafiya miƙe. Cikin dutse mai laushi takan kwanta ta bi fallen dutsen, da ta shiga mai tauri sai ta miƙe tsaye, ta fito ta sake kwanciya. Fuskarta ke nan ta zama mai gwiwa-gwiwa. Idan ɓangarorin biyu suka zame, wata gwiwar matsewa take yi, wata kuma ta buɗe ta bar ɗaki. Cikin waɗannan ɗakuna ne ake samun jijiya mafi kauri. A nan ne amsar ramukan nan biyu take. Tsaga fuska ce, shimfiɗar dutse ma fuska ce, kuma inda fuska biyu suka haɗu layi ne, kamar inda bango ya haɗu da daɓe. Saboda haka sashen da ke da arziki yakan kasance dogo siriri kamar taɓarya, ya nutse cikin ƙasa a karkace. Wanda raminsa ya faɗa kan taɓaryar ya dace. Maƙwabcinsa yana kan jijiya ɗaya, farin dutse iri ɗaya, amma a gefe yake. Shi ma wanda ya dace, idan ya ci gaba da sauka a miƙe, taɓaryar za ta kauce ta bar shi, ta shige ƙarƙashin ramin wani. Rigingimu da yawa a wuraren haƙa daga nan suke tasowa.

Naɗin dutse ma yana buɗe ɗaki. A Bendigo, jihar Biktoriya ta Ostareliya, inda aka gano zinariya a 1851, shimfiɗun dutsen yashi da na laka sun naɗe kamar fallayen littafin da aka lanƙwasa. A ƙoƙuwar kowane naɗi fallayen sun rabu, kuwarz ya cika wurin da siffar sirdi, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Da masu haƙa suka gane haka sai suka riƙa bin ƙoƙuwar suna sauka daga sirdi zuwa sirdi har suka wuce mita 1000, jimillar zinariyar da aka fitar a yankin baki ɗaya kuma ta kai kusan tan 700. Haka kuma dunƙulen giranit da ke zaune cikin shist yana yin abin da tsakuwa ke yi cikin kwaɓaɓɓen yumɓu: shist ɗin ya kewaye shi, a bakin haɗuwarsu kuma tsage-tsage su taru.

Wani abin da ke ba sabon mai nema mamaki shi ne, babbar tsaga ita kanta ba kasafai take riƙe zinariya ba. A yankin Abitibi na Kanada, tsagar Kadilak ta haura kilomita 200, ma'adinai kuma sun jeru a gefenta, galibinsu cikin ƙananan rassan da suka fita daga jikinta, a tazarar kilomita kaɗan. Babbar ita ce hanyar da ruwa ya biyo, rassan su ne masauki.

Aikin girgizar ƙasa

Jijiya ba a rana ɗaya take cika ba. A 1988 masani Richard Sibson da abokan aikinsa biyu, François Robert da Howard Poulsen, suka bayyana yadda abin ke gudana, bisa abin da aka gani a ma'adinan Abitibi. Tsaga tana toshewa da kuwarz, ruwan da ke tasowa daga ƙasa ya taru, matsinsa ya hau har ya kusan ɗaga nauyin dutsen da ke samansa. Sai tsagar ta ɓalle, wato girgizar ƙasa ke nan. Ruwa ya kwarara sama, matsi ya faɗi, kuwarz da zinariya su zauna, tsagar ta sake toshewa, a koma farko. Idan ka duba wani farin dutsen da kyau za ka ga zane-zane cikinsa, fari da baƙi jere da juna, kowane zane shaidar buɗewa ce da rufewa.

A 2013 Dion Weatherley da Richard Henley, masana biyu a Ostareliya, suka yi lissafin abin da ke faruwa cikin gwiwar da ta buɗe farat ɗaya. Matsi yana faɗuwa ƙwarai, har ruwan ya koma tururi nan take ya zubar da abin da yake ɗauke da shi, kamar yadda lemun kwalba ke tashi idan an cire marfi. Abin da girgiza ɗaya ke ajiyewa ɗan kaɗan ne, sai an yi dubbai a wuri guda. Tunda kuwa bambancin dutse ne ya kafa gwiwar a inda take, nan ɗin ne zai riƙa buɗewa kullum.

Dutsen da ke kama zinariya

Buɗe ƙofa rabin aiki ne. Ana samun jijiyar kuwarz mai kauri, fara fat, wadda ba ta da ko ƙwayar zinariya, kuma ire-irensu sun fi masu zinariyar yawa nesa ba kusa ba. Dole wani abu ya raba zinariya da farar wutar da ke riƙe da ita, kuma ƙarfe ne gwanin wannan aiki. Idan ruwan ya taɓa dutse mai ƙarfe, farar wuta takan saki zinariya ta kama ƙarfen, su zama pirit, ɗan dutsen nan mai ruwan ɗorawa da ke ruɗin baƙon haƙa. Zinariyar sai ta zauna a jikin pirit ɗin ko cikinsa.

Kalgurli ta yammacin Ostareliya, inda aka gano zinariya a 1893, ta haɗa abubuwan biyu. Mafi yawan abin da aka fitar a wurin, fiye da tan 1500, daga cikin wata shimfiɗar baƙin dutse ne da ake kira dolerit, wadda ta fi maƙwabtanta tauri kuma ta fi su ƙarfe. Ta fashe ta ba ruwa hanya, sa'annan ta kama abin da ruwan ya kawo.

Baƙin gawayin dutse, wato girafit, shi ma yana sa zinariya ta zauna, ga shi kuma da santsi, tsaga tana son binsa. A Obuwasi ta ƙasar Gana, inda ake haƙar zamani tun 1897, ma'adinin yana bin tsage-tsage masu girafit kusa da inda duwatsun laka suka haɗu da na aman wuta, an kuma bi shi zuwa zurfin kusan mita 1500. Zinariyar wurin iri biyu ce. Akwai wadda ido ke gani cikin kuwarz, akwai kuma wadda ta ɓuya cikin ƙwayoyin wani dutse mai ƙarfe da arsenik da farar wuta. Ta biyun ko an niƙa dutsen an zuba zaiba, wato merkir, ba ta fitowa, sai an fara ruguza ƙwayar da ta rufe ta.

A Nijar

Taswirar zinariyar Nijar taswirar tsohon dutse ce. A Liptako, yamma da kogin Kwara, akwai duwatsun da ake kira Birimiyan, sunan da aka samo daga kogin Birim na Gana. Shekarunsu sun kai miliyan 2100 zuwa 2200, kuma su ne dai ke ɗauke da zinariyar Gana, Burkina Faso, Mali, Gini da Kodibuwa. A ɓangaren Nijar sun fito a matsayin ɗamaru na duwatsun aman wuta da na laka, irin su na Sirba, na Diyagoru-Darbani da na Goruwol, waɗanda suka miƙe galibi daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, da faffaɗan giranit a tsakaninsu. Zinariyar tana cikin ɗamarun da bakinsu. Komabangu, inda haƙar hannu ta kankama bayan farin tsakiyar shekarun 1980, jijiyoyin kuwarz ake bi. Samira, cikin ɗamarar Sirba, kamar kilomita 90 yamma da Yamai, ita ce ma'adinin zinariya na zamani na farko a ƙasar, an buɗe ta a 2004, kuma zinariyarta tana bin wata shimfiɗar duwatsun laka mai baƙin gawayi da ke tsakanin duwatsun aman wuta.

A arewa labarin ya fi ƙuruciya. Duwatsun Ayar da na Hoggar sun sha matsi kamar shekara miliyan 600 da suka wuce, abin da ya bar manyan tsage-tsage da suka miƙe daga kudu zuwa arewa. Ma'adinan Tirek da Amesmesa na Aljeriya a jikin irin wannan tsaga suke. Rububin 2014 ya nuna fuska biyu na zinariyar hamada: a Jado galibi tsinta aka riƙa yi a sama da na'urar gano ƙarfe, a Cibarakaten kuwa, kusa da iyakar Aljeriya, sai an nutsa rijiya an bi jijiya cikin dutse.

Kudancin ƙasar, inda mafi yawan masu karanta mu suke, shi ne ya fi bukatar bayani. Jihar Tawa, da Dosso, da mafi girman jihar Maraɗi, suna kan kwarin Iullemmeden, inda shimfiɗun yashi, laka da farar ƙasa suka binne tsohon dutse da ɗaruruwan mita, wani wuri fiye da haka. Waɗannan shimfiɗu sun zo ne bayan ruwan zinariya ya daɗe da ƙafewa. Arzikinsu daban ne: farar ƙasar simintin Malbaza, gawayin Salkadamna, fosfat. Wanda ya zo yana tara kuɗin jama'a da sunan zai buɗe filon a tsakiyar Adar, a tambaye shi a wane dutse. Tsohon dutsen ya leƙo ne kawai a wasu wurare, a Damagaram da Muniyo, da kuma wani siririn yanki a kudancin gundumar Madarunfa. Wannan yanki ci gaba ne na duwatsun Katsina da Zamfara, inda ɗamarun shist na Anka da Maru da tsage-tsagensu suka daɗe suna ba da zinariya. Zinariyar Ɗan Isa daga wannan dangi take.

Abin da ruwan sama ya ƙara

Bayan miliyoyin shekaru zaizaya ta kwashe kilomitocin dutsen da ke sama, jijiyoyin suka fito fili, ruwan sama da iska suka shiga aiki. A mita gomomi na farko dutse ya ruɓe ya koma jar ƙasa da yumɓu, marmara ta rufe samansa, pirit ya yi tsatsa ya saki zinariyar da ke cikinsa. Wannan sashe ne abincin mai haƙar hannu: yana haƙuwa da diga, zinariyarsa a sake take, tana wankuwa a ƙwarya. Da an sauka ƙarƙashin matakin ruwa sai dutse ya yi tauri, launinsa ya koma toka ko kore, abin da ake samu a wanki ya ragu. A nan ake cewa ramin ya mutu. Sau da yawa zinariyar tana nan, ta koma cikin kurkukunta ne na pirit.

Laushin da ya sauƙaƙa haƙa shi ne kuma haɗarin. Cibiyar tsaga yumɓu ce, shist falle-falle ne mai zamewa idan ya jiƙa, ga ramuka sun cunkushe a kan layi ɗaya domin kowa taɓarya guda yake bi, har ginshiƙin ƙasar da ke tsakaninsu ya sirance. Ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman, cikin yankin Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu, ƴan watanni bayan gano wurin.

Ruwan da ya kawo zinariya kuma bai zo da ita kaɗai ba. A wasu jijiyoyin ya ajiye arsenik, a wasu dalma. Jijiyoyin yankin Anka da Bukkuyum na Zamfara suna da dalma mai yawa, kuma a 2010 aka gano cewa niƙan dutsen cikin gidaje ya watsa ƙurarta a tsakar gida da wurin wasan yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF da hukumomin Najeriya sun ƙiyasta yaran da suka mutu da aƙalla 400, a ƙauyuka irin su Dareta, Ƴargalma da Bagega. Dutsen da ke ɗauke da dalmar yana da nauyi, ruwan toka ne mai sheƙi kamar kwalli, kuma ana iya ganinsa da ido cikin farin kuwarz tun kafin a kai buhu wurin niƙa.